Cizon gizo-gizo a ƙasar Damagaram: wanne ne mai haɗari, kuma me ake yi kafin a kai asibiti?

Uwar Ƴan Biyu, Garin Malam

Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin haske daga masu ilimin wannan fanni, musamman ma'aikatan kiwon lafiya da ke cikin zauren nan. Ɗana mai shekara 9 ya wayi gari da wani jan kumburi a bayan damtsensa, yana yi masa zafi idan an taɓa, kuma tsakiyarsa ta fara tauri. Da yake a tsakar gida muke kwana saboda zafin bazara, ga kuma tarin itacen girki kusa da shimfiɗarsa, kakarsa ta ce ba shakka tautau ne ya cije shi, ta kuma ce a kira wanzami ya tsaga wurin a fitar da dafin tun bai bi jiki ba. Babu wanda ya ga gizo-gizon da idonsa, yaron ma bai ji komi cikin dare ba. Abin da ya ƙara tayar mini da hankali shi ne hotunan da wata maƙwabciya ta nuna mini a waya, na mutanen da naman hannunsu ya ruɓe, an ce duk aikin gizo-gizo ne.

Shin a nan Damagaram akwai gizo-gizon da dafinsa ke kisa ko ruɓar da nama? Ta yaya ake bambanta cizonsa da sauran ƙuraje? Kuma idan ya tabbata shi ne, me ya kamata a yi a gida?

Malamin Asibiti, Zango

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ba yaro lafiya. Kafin komi, ina roƙonki kada a tsaga wurin, kada a yi masa ƙaho, kuma ki kai shi asibitin unguwa yau ɗin nan a duba shi. Ki lallashi Inna, ki nuna mata cewa ba ƙin maganarta aka yi ba, so ake a san abin da ake magani tukuna.

Ba zan iya gane ciwo daga bayani kawai ba, amma abin da kika siffanta, wato jan kumburi mai zafi da tsakiyarsa ke tauri, wanda ba a ga abin da ya yi cizon ba, ya fi kama da maruru. Ƙwayoyin cuta ne da ke zaune a kan fatar mutum suke samun ƙofa ta wurin susa ko ƙurajen zafi ko cizon sauro, su shiga su tara mugunya, kuma lokacin bazara kasuwarsu ke ci saboda gumi da ƙura. Wannan ruɗani ba mu kaɗai ke yin sa ba. A wani bincike da aka wallafa a 2011 a jihar Kalifoniya ta Amurka, an bi mutum 182 da suka je asibiti suna cewa gizo-gizo ya cije su, sai aka tarar 7 ne kawai suke da cizonsa, yayin da fiye da kashi 85 cikin ɗari ƙwayoyin cuta ne suka kama musu fata. A ganina haɗarin da ya fi kusa da mu ke nan: a laƙaba wa tautau laifi, a yi ta shafe-shafe kwana da kwanaki, alhali ciwon da ke buƙatar magani yana ta ci.

Wannan ba ya nufin babu mai dafi. Akwai iri biyu da likitoci suka fi kula da su a duniya, kuma aikin dafinsu ya sha bamban.

Na farko dafinsa jijiyoyi yake kamawa. Masana na kiran wannan dangi Latrodectus, Turawa kuma suna yi wa shahararriyar cikinsu laƙabi da baƙar mai takaba. Cizon kansa ƙarami ne, wani lokaci ma da ƙyar ake ganin tabonsa, amma galibi cikin awa guda zafi yakan fara tafiya daga wurin zuwa hammata ko matsematsi, sannan ya kama baya ko ƙirji ko ciki. Dalili kuwa shi ne dafin yana tilasta wa bakin jijiyoyi su zubar da sinadaran aika saƙo gaba ɗaya ba ƙaƙƙautawa, sai tsokoki su yi ta ɗaurewa ba tare da mutum ya so ba. Ciki yakan yi tauri har a zaci ciwon da ke buƙatar tiyata ne, gumi ya yi ta zuba, wani lokaci a gaɓar da aka ciza kaɗai, jini ya hau, ga tashin zuciya da rashin natsuwa. Yawanci abin yakan lafa cikin kwana ɗaya zuwa uku, kuma mutuwa ba kasafai ake samunta ba, amma ƙananan yara da tsofaffi da masu juna biyu da masu ciwon zuciya ba a zama da su a gida.

Na biyu, dangin Loxosceles, dafinsa fata yake ci. Da farko ba a jin komi, sai bayan wasu awoyi zafi ya taso, bororo ya fito, tsakiyar wurin ta yi shuɗi-shuɗi, gefenta ya yi fari, sannan ja ya kewaye. A wasu mutane fatar wurin takan mutu cikin kwanaki ta bar miki mai daɗewa, amma mafi yawan cizon yana warkewa da kansa. Abin tsoro a nan, ko da yake ba shi da yawa, shi ne idan dafin ya fara fasa ƙwayoyin jini: zazzaɓi, idanu su yi rawaya, fitsari ya yi duhu. Duk yaron da fitsarinsa ya canza haka bayan wani cizo, ko tsakar dare ne a nemi kabu-kabu.

Abin da ake yi a gida kaɗan ne. A wanke wurin da sabulu da ruwa mai tsabta, a naɗe ƙanƙara cikin tsumma a ɗora na kimanin minti 10 a ɗaga, a ɗan ɗaga hannun ko ƙafar, a ba da parasitamol daidai nauyin yaro. A zagaye iyakar jan da biro a rubuta lokaci, domin washegari kowa ya ga ko ya faɗaɗa. Ba a ɗaure gaɓa da igiya ko roba, ba a tsotsa, ba a zuba fetur ko garin batir ko toka. Tsagawa ba ta fitar da dafi, domin ɗigon da ya shiga ya riga ya bazu cikin nama, abin da take yi kawai shi ne buɗe ƙofa ga ƙwayoyin cuta da tetanos. Don haka ki tafi da katin rigakafinsa ma a duba.

Malamin Kimiyyar Halittu, Birni

Madalla da bayanin Malam. Ni zan ƙara ne ta ɓangaren halittar kanta, tunda abin da nake koyarwa ke nan.

Nau'o'in gizo-gizo da masana suka rubuta sunayensu sun haura 50,000 tun shekarar 2022, kuma kusan dukkansu suna da dafi, domin da shi suke kashe ƙwarin da suke ci. Sai dai samun dafi daban, iya cutar da mutum daban. Wasunsu haƙoransu ba sa iya huda fatarmu, waɗanda ke iyawa kuma yawancinsu dafinsu bai wuce ya sa ɗan zafi da kumburi na yini guda ba. Gizo-gizo ba ya shan jini, ba shi da abin da yake nema a jikin mutum, shi ya sa ba ya bin mai barci kamar yadda sauro da kuɗin cizo ke yi. Yana cizo ne idan an matse shi: an sa ƙafa cikin takalmin da yake ciki, an sa rigar da ta daɗe a rataye, ko an cusa hannu ƙarƙashin wani abu ba a duba ba. Kuma sau ɗaya yake yi, don haka wanda ya tashi da tabo biyar ko shida a jere ya nemi mai laifi a katifa.

A cikin dangin da Malam ya fara ambata, wanda ya fi bazuwa a ƙasashen Afirka masu zafi, kuma ya fi son zama kusa da mutane, shi ne mai launin ƙasa, Latrodectus geometricus. Macen ce ke cizo, jikinta bai wuce santimita guda ba in ban da ƙafafu, cikinta mulmulalle ne, kuma a ƙarƙashinsa akwai alama ruwan lemo mai siffar kalangu. Saƙarta ba ta da tsari irin na wanda ke zana da'ira a tsakanin rassa, hargitsattsiya ce, mai ƙarfi, a kusurwar da ba a taɓawa: ƙarƙashin kujerun roba, bakin bokiti da aka kife, cikin tsoffin tayoyi, bayan randa, ƙasan rumbu, da makewayi. Hanya mafi sauƙi ta gane tana gida ita ce jakar ƙwanta, wani ɗan dunƙule mai launin ƙasa-ƙasa da ke da tsinaye ƙanana a duk jikinsa, saɓanin na sauran da yake sumul. Likitocin Afirka ta Kudu da suka kwatanta cizonta da na baƙar sun tarar nata ya fi sauƙi sosai, galibi zafi ne a wurin cizon kawai, kuma ita matsoraciya ce, idan aka taɓa saƙarta takan dunƙule ta faɗo kamar ta mutu.

Hotunan waya kuwa, Hajiya, a riƙa tambayar daga ina suka fito. Nau'o'in Loxosceles da suka yi suna wajen ruɓar da fata a nahiyar Amurka suke, a tsakiya da kudancin ƙasar Amurka da kuma Brazil da Chile da Peru, ko da yake dangin yana da wakilai a Afirka da kewayen Bahar Rum. Wanda ya fi kowa saurin kisa, mai saƙa ramin mazurari, a kewayen birnin Sidni na Ostareliya yake, kuma tun da aka samar da maganin karya dafinsa a 1981 ba a sake rubuta mutuwa ta dalilinsa ba. A can Ostareliyar ne ma aka bi cizo 750 da aka kama gizo-gizon da ya yi kowannensu aka tantance shi, aka wallafa sakamakon a 2002, kuma ko ɗaya bai zama ruɓaɓɓen miki ba. Da yawa daga hotunan da ke yawo babu mai iya tabbatar da cewa gizo-gizo ne ya jawo su.

Akwai kuma wata halitta da ɗalibaina suka fi tsoro fiye da kowace, mai launin rairayi, mai gashi, mai manyan muƙamuƙai, da ke shigowa da gudu wajen fitila a daren bazara. Ba gizo-gizo ba ce, dangi ne kawai na nesa, ba ta saƙa, kuma ba ta da dafi ko kaɗan. Idan aka kama ta da hannu tana iya cizo ya yi zafi, amma wanki da sabulu ya ishe shi.

Dattijo, Mirriya

Salamu alaikum. Jikana ne yake rubuta mini wannan. Na ji bayanin malamai biyu kuma na ƙaru, amma kada a ɗauka tsofaffi ba su san abin da suke faɗa ba. Kakar yaron nan ta ga abu ne a rayuwarta shi ya sa ta tsorata. Mu da muke noma mun san mutum yakan kwanta lafiya ya tashi da wani dogon tabo a wuya ko a fuska kamar an ɗiga masa ruwan zafi, ya yi bororo, ya yi ta raɗaɗi, kuma tun muna yara ake ce mana fitsarin tautau ne. Wannan ba labarin waya ba ne, kowace damina ana ganinsa idan gero ya fara bununi. To, idan ba tautau ba ne, mene ne?

Na biyu, ku mutanen birni asibiti yana bayan gidanku. Wanda yake ƙauyen da sai an yi tafiyar awa biyu a amalanke, ga kuɗin magani, ba zai ɗauki yaro a kan kowane ƙurji ba. Wanzami kuwa yana nan kusa. Ku faɗa mana a fili wane ne za a iya jira da shi, wane ne ba a kwana da shi. Ni dai a shekaruna ban taɓa zuwa jana'izar wanda gizo-gizo ya kashe ba, amma na kunama da na kububuwa na je.

Uwar Ƴan Biyu, Garin Malam

Na gode ƙwarai. Na kai shi da hantsi, an ce maruru ne, an ba mu magani, an ce a riƙa gasa wurin da ruwan ɗumi mu koma bayan kwana biyu. Sai dai da na kifa kujerunmu na ga irin dunƙulen nan masu tsinaye da Malam na Birni ya siffanta, har guda uku a ƙarƙashin ɗaya. Maigida yana so ya sayo piya-piya a fesa ko'ina. Shin hakan ya dace?

Malamin Asibiti, Zango

Alhamdu lillahi, Hajiya. Ki cika alƙawarin komawa ko da kin ga sauƙi, kuma kada a matse shi da hannu.

Baba na Mirriya, Allah ya ƙara girma. Abin da kuka gani gaskiya ne, mai laifin ne kawai aka sauya. Wannan tabo mai kama da ƙuna yawanci aikin hangara ne, wadda kuka fi ni saninta a kan gero, ko kuma wani siririn ƙwaro mai ja da baƙi da ke bin hasken fitila. Ba cizo suke yi ba. A jikinsu akwai ruwa mai ƙona fata, idan suka sauka a wuyan mutum ya murje su cikin barci sai ruwan ya shafu, shi ya sa tabon yake zuwa a tsaye, bin sawun hannu, wani lokaci ma a ga irinsa a ɓangarori biyu na gwiwar hannu inda fata ta haɗu da fata. Maganinsa na farko shi ne a hure ƙwaron ko a kaɗe shi ba tare da an murje ba, idan kuma an riga an murje a wanke da sabulu nan take, kada hannun ya kai ido. Akwai kuma wani ciwo da ake rikita shi da wannan, ƙuraje masu ruwa da ke fitowa a jere a gefe guda na jiki tare da zafi mai tsanani, galibi ga manya. Shi ƙwayar cutar ƙaranbau ce da ta kwanta a jijiya tun yarinta take farkawa, kuma idan ya fito kusa da ido ba a jinkiri da shi.

Game da wanda ake jira da wanda ba a kwana da shi, ga yadda nake gaya wa mutanen karkara. Ƙaramin kumburi mai ƙaiƙayi ko ɗan zafi, yaro yana ci yana wasa, babu zazzaɓi, ana iya wanke shi a sa masa ido kwana biyu. Amma idan jan ya tsallake zanen biro, ko wani jan layi ya miƙe yana hawa hannu, ko kaluluwa ta fito tare da zazzaɓi, ko tsakiyar ta yi baƙi, a kama hanya. Idan kuwa akwai ɗaurewar ciki da gumi, ko amai, ko dalalar miyau, ko wahalar numfashi, ko kumburin leɓe da fuska, wannan ba a jiran gari ya waye. Mai ciwon suga kuma ba shi da ƙaramin miki, musamman a ƙafa.

Maganarku ta ƙarshe ita ce ta fi nauyi. Yaron da ya yi ƙara cikin dare, yana gumi yana amai, a ƙasarmu kunama ake fara zargi, domin masu mugun dafi suna nan a yankunan hamada, kuma yaran jihar Agadas sun daɗe suna shan wahalarsu. Saran maciji kuwa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum 81,000 zuwa 138,000 kowace shekara. Maganin karya dafin gizo-gizo ana yin sa a ƙasashe irin su Ostareliya da Afirka ta Kudu da Brazil da Meksiko, amma yawancin waɗanda aka ciza ba sa buƙatarsa, allurar kashe zafi da ta sassauta tsoka da sa ido su ne aikin, kuma waɗannan asibitocinmu suna iya yi.

Wani abu guda da nake so mahauta da makiyaya da majema su riƙe, tunda garinmu garin fata ne: ƙurjin da ya fara da ƙaiƙayi, ya yi bororo, sannan ya zama baƙin ɓawo wanda ba ya zafi amma kewayensa ya kumbura sosai, a hannu ko wuya ko fuskar wanda ke taɓa fatu ko naman dabbar da ta mutu farat ɗaya, yana iya zama cutar saifa ta dabbobi ce ta kama shi. A ƙasashe da dama an sha ɗaukarta a matsayin cizon gizo-gizo. Tana jin magani idan an zo da wuri, kuma dole a gaya wa likita sana'ar da ake yi ko bai tambaya ba.

Malamin Kimiyyar Halittu, Birni

Hajiya, ban goyi bayan piya-piya ba, kuma da ma Malam zai tabbatar cewa yaran da ake kawowa saboda sun sha shi ko sun shaƙe shi a rufaffen ɗaki sun fi waɗanda gizo-gizo ya ciza shiga haɗari. Guba ce mai ƙarfi da ake sayarwa a kwalaben da ba su da bayani, tana shiga ta fata da ta numfashi, ga shi kuma ba ta cika ratsa jakar ƙwan ba, saboda haka bayan ƴan makonni sababbi za su ƙyanƙyashe. Ki sa tsintsiya mai dogon hannu ki sharo saƙar da dunƙulen, ki murƙushe su da takalmi ko ki jefa a murhu, uwar ma idan ta faɗo a take ta. A riƙa kifa kujeru da bokitai ana dubawa duk mako, a matsar da itacen girki nesa da wurin kwana, a kakkaɓe takalma da tufafin da suka kwana a ƙasa, a kuma soke gidan sauro ƙarƙashin katifa ko tabarma, wanda zai tsare yaran daga kunama ma. A koya musu kada su cusa hannu inda idonsu bai gani ba, musamman idan an aike su ɗebo kara ko itace da magariba.

Masu dogayen ƙafafu da ke rataye a kusurwar rufi kuwa ba sai an bi su da yaƙi ba, sauro da ƙuda suke ci, har ma da wasu gizo-gizon. Idan wani ya ciji mutum a gabanku, a rufe shi da kofi a tura shi cikin kwalba, ko matacce ne, ko a ɗauki hotonsa ta sama da ta ƙasan ciki, a tafi da shi asibiti tare da wanda aka ciza.